Koriya biyu, tukunya biyu: me ya hana shinkafar Kudu ƙosar da Arewa?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da wannan tambaya: "Na sha jin ana cewa mutanen Koriya ta Arewa sun fi na Kudu gajarta saboda yunwa, alhali jininsu ɗaya, harshensu ɗaya. Da gaske ne ko farfaganda ce? In kuma gaskiya ne, tunda an ce shinkafa ta yi wa Kudu yawa, me ya hana ta ciyar da 'yan'uwanta?"

'Yar'uwa, maganar tsawon gaskiya ce, ko da yake masu farfaganda sun sha cin kasuwa da ita. Maganar shinkafar kuwa, an gwada. Kudu ta tura tan miliyoyi, ta kuma ceci rayuka, amma ba ta cike giɓin ba. Dalilin kuwa biyu ne a haɗe: abin da jikin yaron Arewa ya fi rasawa ba shinkafa ba ce, sannan buhun shinkafa tsakanin gwamnatocin nan biyu bai taɓa zama abinci zalla ba, kullum da siyasa a ɗaure a bakinsa.

Mu fara da tsawon. Kafin a raba ƙasar a 1945 babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin mutumin Arewa da na Kudu, hasali ma awon da aka yi a zamanin mulkin Japan ya nuna 'yan Arewa sun ɗan ɗara. Yau kuwa, masanin nan Daniel Schwekendiek, wanda ya daɗe yana bibiyar awon mutanen Koriya, ya ƙiyasta cewa namijin Arewa na gaza na Kudu da santimita 3 zuwa 8. Sai dai ki riƙe abu ɗaya: yawancin manyan da aka auna waɗanda suka tsere ne, kuma mafi yawansu daga lardunan arewa maso gabas suka fito, inda yunwa ta fi yin ɓarna. Ɗan babban jami'i a Piyongyang, babban birnin Arewa, ba haka yake ba. Kuma rabin labarin ba gajartar Arewa ba ce, tsawon da Kudu ta yi ne. Wani babban nazari na duniya da aka fitar a 2016 ya nuna cewa cikin shekara 100 matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20, babu matan wata ƙasa da suka kai su. Arewa ta tsaya kusan cik, Kudu ta zura da gudu.

Mu masu aikin abinci mai gina jiki mun san inda ake yin wannan asara: daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwanaki 1,000 na farko. Uwa mai ƙarancin jini ta haifi jariri ƙarami, a yaye shi kan kunun masara tsura, gudawa ta yi ta kama shi, to tsawon da ya rasa a nan ya tafi ke nan, ko da daga baya an kai shi gidan sarki ya ci nama har ya ture. Shi ya sa tsawon babban mutum yake zama shaidar abin da aka ci a gidansu shekara 20 ko 30 da suka wuce.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Kudu ma daga yunwa ta taso. Da aka raba ƙasar, Kudu ce ta tashi da manyan filayen shinkafa, Arewa kuma ta tashi da duwatsu, ma'adinai, madatsun ruwa masu ba da lantarki da masana'antu, har da babbar masana'antar takin zamani ta Hungnam da Japanawa suka gina. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya ragargaza duka biyun, kuma har zuwa farkon shekarun 1970 masana da dama na ganin Arewa ce ke gaba a tattalin arziki. Manoman Kudu suna da wani lokaci da suke kira tudun sha'ir, ƙarshen bazara ke nan, lokacin da shinkafar bara ta ƙare sha'ir kuma bai nuna ba, kwatankwacin tsakiyar daminar nan tamu da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai iso gida ba. Mutane su shiga daji neman saiwa da ɓawon itace. Garin alkamar da Amurka ta riƙa turowa daga tsakiyar shekarun 1950 shi ya riƙe birane, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta kuma yi aiki a Kudu daga 1964 har zuwa 1984.

Gwamnatin shugaban Kudu Park Chung-hee ta shiga har cikin kwanon ɗalibai. Malamin aji zai sa kowa ya buɗe abincin da ya zo da shi daga gida, ya bi layi yana leƙawa. Wanda aka samu da farar shinkafa zalla, ba a gauraya ta da sha'ir ko wani hatsi ba, ya sha faɗa, wani lokaci har a rage masa maki. Daga 1969 aka hana gidajen abinci sayar da shinkafa ranakun Laraba da Asabar daga ƙarfe 11 na safe zuwa 5 na yamma, sai taliya da burodi. Sannan aka fito da irin shinkafa mai yawan yabanya, Tongil, wanda masanin Koriya Heu Mun-hoe ya samar tare da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin. Mutane ba su so ɗanɗanonta ba, amma wajen 1977 ƙasar ta wadatu da shinkafa. Daga nan kuɗi ya shigo, ƙwai da madara da nama suka hau faranti. A 1970 mutum ɗaya a Kudu yana cin kilo 136 na shinkafa a shekara, a 2023 ya koma kilo 56, kuma tun 2022 naman da yake ci ya fi shinkafar nauyi. Wannan sauyi shi ne santimitocin da kike tambaya a kai.

Ita kuwa Arewa wata hanya ta bi. Ƙasar nomanta bai kai kashi ɗaya bisa biyar na faɗinta ba, sanyinta mai tsawo ne, lokacin noma gajere. Shugabanta na farko, Kim Il Sung, ya ƙudiri sai ƙasar ta ciyar da kanta, don haka aka mayar da gona tamkar masana'anta: a shuka masara a cunkushe, a zuba takin zamani jingim, injin ban-ruwa ya yi aiki da lantarki, tarakta ta sha man da Tarayyar Sobiyet ke bayarwa a farashin zumunci. Aka sare dazuzzukan gangaren duwatsu aka shuka masara. Abincin kuma gwamnati ce ke rabawa. Sau biyu a wata ma'aikaci zai je cibiyar rabo da katinsa, a auna masa hatsi, giram 700 a rana ga babban ma'aikaci, mai aikin ƙarfi kamar na haƙar kwal ya fi haka, yara da tsofaffi ƙasa da haka. Yawan shinkafa ko masarar da ke cikin rabonka kuwa ya danganta da garin da kake da matsayin danginka a idon jam'iyya. Tun 1962 Kim Il Sung yake yi wa jama'a alkawarin farar shinkafa da romon nama, tufar siliki da gida mai rufin tayil.

Da Sobiyet ta ce daga yanzu sai da tsabar kuɗin waje, ta kuma rushe a 1991, komai ya tsaya a tare. Babu mai, babu lantarki, babu taki, babu ban-ruwa. Tun a farkon shekarun 1990 gwamnati ta fara kiran jama'a su koma cin abinci sau biyu a rana. Kim Il Sung ya rasu a Yulin 1994, ambaliyar 1995 da 1996 ta zo ta tarar da duwatsu tsirara ta kwashe gonaki da rumbuna, fari ya biyo baya a 1997. Gwamnati ta ɗora laifin kan ambaliya, amma yunwar ta riga ruwan zuwa. Hukumomin Arewa sun amsa mutuwar mutum 220,000, wasu ƙungiyoyi sun ce miliyan 2 zuwa 3, lissafin da masana irin su Stephan Haggard da Marcus Noland suka tsaya a kai shi ne 600,000 zuwa miliyan 1, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 22 ba a lokacin.

Waɗanda suka fi mutuwa ba manoma ba ne. Ma'aikatan biranen masana'antu ne na gabas, irin su Chongjin da Hamhung, mutanen da ba su da gona, ba su saba ciniki ba, suka zauna jiran rabon da ba zai zo ba. Waɗanda suka tsira sukan ce masu biyayya su suka fara tafiya. Kuma abin da na kasa yafe wa gwamnatin nan shi ne, da agaji ya fara shigowa sai ta rage sayo hatsi da kuɗinta, a 1999 ma ta sayi jiragen yaƙi samfurin MiG-21 daga Kazakistan. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin alƙali Michael Kirby ya saka barin jama'a cikin yunwa da gangan a jerin laifuffukan cin zarafin bil'adama a rahotonsa na 2014.

A 1998 UNICEF da WFP da Tarayyar Turai suka samu damar auna yara. Kashi 62 cikin 100 sun tsumbure, kashi 16 sun rame. Duk wanda ya taɓa ɗaura ma'aunin dantse a hannun yaro ya san abin da waɗannan alƙaluma ke nufi. Amma ga abin da masu son labarin tashin hankali ba sa faɗa: lamarin ya yi ta sauƙi. Tsumburewa ta sauko zuwa kashi 37 a 2004, 32 a 2009, 28 a 2012, sannan 19 a 2017, ramewa kuma ta koma wajen kashi 3. A Kudu tsumburewa ba ta wuce kashi 2 ko kusa da haka ba. Kafin mu yi wa Koriya ta Arewa kallon tausayi daga sama, ya kamata mu tuna cewa binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya samu kashi 37 a ƙasa baki ɗaya, kashi 57 a Arewa maso Yamma. Wato yankinmu, ba takunkumi ba rufe iyaka, ya kusa kai matsayin da Koriya ta Arewa take a ƙarshen yunwarta.

A cikin Arewar ma akwai Koriya biyu. Binciken 2017 ya samu kashi 10 a Piyongyang, kashi 32 a lardin Ryanggang mai iyaka da Sin.

To me talakan Arewa ke ci? Masara ce ginshiƙi. Ana ɓarza ta ta koma tsaki-tsaki girman ƙwayar shinkafa a dafa, mai hali ya barbaɗa 'yar shinkafa a ciki. A gefe akwai kimchi, wato kabeji ko farin radish da aka tsima da gishiri, sai miyar tsimammen waken suya mai ruwa-ruwa, a yankin duwatsu kuma dankalin turawa. Nama sai ranar biki, ƙwai sai baƙo ko majinyaci, man girki ana auna shi da cokali. Akwai wani abinci da yunwar ta haifar wanda har yau ake sayarwa a bakin kasuwa, injogogi. Dusar waken suya ce da ta rage bayan an matse mai, a murza ta da inji ta fito falle-falle kamar dogon bututu, a yanka guntu-guntu, a jiƙa, a cusa dafaffiyar shinkafa a ciki, a shafe da yajin barkono. Shi ne naman wanda ba shi da nama, kuma a gaskiya, ta fuskar furotin, dabara ce mai kyau.

Irin wannan abinci yana cika ciki, amma ba ya gina yaro. Babu isasshen furotin na dabba, babu maiƙo, babu sinadarin ayan mai ƙara jini da zink da bitamin A. Kusan kashi ɗaya bisa uku na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma binciken 2017 ya nuna kusan ɗaya cikin uku ne kawai na yara 'yan wata 6 zuwa 23 ke samun mafi ƙarancin abincin da ya dace da su. Ga kuma matsalar tsutsar ciki. Saboda ƙarancin takin zamani, kowace shekara a watan Janairu ana ɗora wa gidaje da ma'aikatu adadin takin da za su kai gona, har da bayan gidan mutane. In ba a bar shi ya ruɓe sosai ba, ƙwan tsutsa ya koma kan kayan lambu. A Nuwambar 2017, sojan Arewa da ya tsallaka a Panmunjom, mashigar iyakar ƙasashen biyu, ana harbinsa, likitan da ya yi masa tiyata, Lee Cook-jong, ya ciro tsutsotsi da yawa daga hanjinsa, ɗaya ta kai santimita 27, abin da ke cikinsa kuma ƙwayoyin masara ne. An soki likitan kan tona asirin majinyaci, kuma ina ganin sukar tana da hujja. Amma soja ne fa, kuma na bakin iyaka, waɗanda ake fifitawa a rabo.

In aka tambaye ni wa ya fitar da Arewa daga yunwa, ba zan fara da agaji ba, zan fara da mata. Maza dole su riƙa zuwa masana'antar da ba ta aiki suna sa hannu, matan aure kuwa doka ba ta matsa musu haka ba, sai suka fita da tabarma da mudu. Suka sayar da kayan ɗaki, suka yi taliyar masara da awara, suka yi fasa-ƙwauri daga Sin, kasuwannin da ake kira jangmadang suka kafu, gidaje suka share 'yan gonakinsu a gangaren dutse. Daga baya mafi yawan abin da ake ci a gidan talaka daga nan ya riƙa fitowa. Gwamnati kuwa ba ta taɓa sakin jiki da kasuwar ba. A ƙarshen Nuwambar 2009 ta canza kuɗi, tsohon 100 ya koma sabon 1, ta kuma ƙayyade abin da mutum zai iya canzawa, jarin 'yan kasuwa ya narke dare ɗaya, farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabi.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarki. Za ki yi mamaki in na ce agajin farko daga Arewa ya fito ya tafi Kudu. A Satumbar 1984 ambaliya ta yi ɓarna a Seul, babban birnin Kudu, Arewa ta yi tayin taimako, galibi ana ganin don ta nuna fifiko ne tana zaton za a ƙi. Shugaban Kudu na lokacin, Chun Doo-hwan, ya ce a kawo. Aka kawo tan 7,200 na shinkafa, tan 100,000 na siminti, yadi da magunguna, kuma shekara mai zuwa aka yi haɗuwar farko ta iyalan da yaƙi ya raba. Bayan shekara 11 reshe ya juye da mujiya. A 1995 gwamnatin Kudu ta Kim Young-sam ta tura tan 150,000 na shinkafa, amma jirgin farko yana isa tashar Chongjin aka tilasta masa ɗaga tutar Arewa, daga baya kuma aka tsare wani jirgin bisa zargin wani ma'aikacinsa ya ɗauki hoto. Mutanen Kudu suka harzuƙa: mu ba ku abinci ku ci mana mutunci? Tun daga ranar kowane buhu ya zama abin gardama a zaɓen Kudu.

A 1998 Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin Hyundai, haifaffen wani ƙauye a Arewa, ya tsallaka Panmunjom da shanu 500 a manyan motoci, ya ƙara 501 a watan Oktoba. Ya ce yana biyan bashin kuɗin saniyar mahaifinsa da ya ɗauka ya gudu da su Seul yana saurayi. Zamanin shugaban Kudu Kim Dae-jung ke nan, sai Roh Moo-hyun ya biyo bayansa, lokacin sassauci. Tsakanin 2000 da 2007 Kudu ta ba da tan miliyan 2.4 na shinkafa da tan 200,000 na masara a matsayin rance, kimanin dala miliyan 720, da kuɗin ruwa kashi 1, a fara biya bayan shekara 10. Wa'adin farko ya cika a Yunin 2012, ko sisi ba a biya ba. Ban da haka ta ba da takin zamani sama da tan miliyan 2.5 kyauta, kuma a ganina takin nan ya fi shinkafar tasiri, don kowane buhu yana dawowa da hatsi ninki.

A nan gizo ke saƙar. WFP ta fara aiki a Arewa a 1995, a ganiyar aikinta tana ciyar da fiye da mutum miliyan 6, da ƙa'idar cewa inda ba a bar ta ta shiga ta duba ba, abinci ba ya zuwa. Duk da haka an ɗaure mata hannu: shekaru da dama ba a yarda ta kawo ma'aikaci mai jin Koriyanci ba, ziyara sai an sanar tun da wuri. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fice a 1998, Oxfam ta bi a 1999, saboda sun ga ba sa kaiwa ga mafi buƙata. Shinkafar Kudu kuwa da ta Sin suna shiga kusan ba sa ido. Wanda ke samun buhu ba tambaya, me zai sa ya jure mai tambaya? A 2005 Arewa ta ce wa WFP ta tattara agajin gaggawa, da aka dawo a 2006 shirin ya ragu zuwa mutum miliyan 1.9. Haggard da Noland sun ƙiyasta cewa wajen kashi 30 na agajin ana karkatar da shi. Ba duka ne ya tafi barikin soja ba, da yawa jami'ai ne suka fitar da shi kasuwa, an sha ganin buhuna masu tambarin Koriya ta Kudu a rumfunan 'yan kasuwa. Wannan sata ce, ba shakka, amma hatsin da ya shiga kasuwa yana karya farashi, mai saye da mudu ya amfana. Don haka ban yarda da masu cewa agajin duk asara ne ba, ban kuma yarda da masu cewa an yi shi daidai ba.

Darasin da ma'aikatan agaji suka koya shi ne, farar shinkafa ita ce ta fi saurin ɓacewa, don ita ce abincin manya, tana ajiyuwa, tana sayuwa. Garin masara da waken suya mai ƙarin bitamin, da biskit ɗin yara da WFP ta riƙa yi a masana'antun cikin ƙasar tana kaiwa gidajen reno da asibitocin yara, babu janar ɗin da ke kwaɗayinsu. Shi ya sa yarjejeniyar Amurka da Arewa ta 29 ga Fabrairun 2012 ta tanadi tan 240,000 na irin wannan abinci ba shinkafa ba. Ita ma ta mutu cikin makonni, da Arewa ta harba roka a Afrilu.

Ƙofar Kudu ta fara rufuwa a 2008 da hawan Lee Myung-bak mulki, ta ƙara datsewa bayan nutsewar jirgin ruwan yaƙin Kudu, Cheonan, da aka zargi Arewa da harbowa a Maris 2010, inda sojoji 46 suka mutu. Tan 5,000 da aka kai wa mutanen birnin Sinuiju na Arewa bayan ambaliyar shekarar shi ne shinkafar gwamnati ta ƙarshe. Daga nan kuma ba mai bayarwa ne ya ƙi ba, mai karɓa ne. A 2019 Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, FAO, da WFP suka ce mutum miliyan 10.1 na cikin ƙarancin abinci, rabon gwamnati ya faɗo zuwa giram 300 a rana alhali abin da take hari 573 ne. Shugaban Kudu na lokacin, Moon Jae-in, ya ware tan 50,000 ta hannun WFP, Arewa ta ƙi, ta fake da atisayen sojan Kudu da Amurka. A Agustan 2024, bayan wata ambaliyar a Sinuiju, Kudu ta sake tayi, shugaban Arewa Kim Jong Un ya yi watsi da shi, dama a farkon shekarar ya ayyana Kudu a matsayin babbar abokiyar gaba.

Me ya sa mai yunwa zai ƙi abinci? Don wanda ke ƙin ba shi ke jin yunwar ba, kuma abincin Kudu yana magana. Dubi abin da ya faru a yankin masana'antu na Kaesong da ke cikin Arewa, inda kamfanonin Kudu suka ɗauki ma'aikatan Arewa sama da 50,000 kafin a rufe shi a Fabrairun 2016. Ba a yarda a ba ma'aikaci ladan ƙarin aiki a hannu ba, sai kamfanoni suka riƙa raba Choco Pie, wani ɗan kek mai cakulan. Ma'aikata ba sa ci, sai su kai gida ko su sayar, har ya zama haja mai daraja a kasuwanni. A 2014 hukumomin Arewa suka sa aka daina. Ɗan kek ya gagari gwamnati haƙuri, balle buhu dubu ɗari masu sunan abokiyar gaba.

Takunkumi ma yana da nasa kason, kar a ɓoye. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Disambar 2017 bai hana abinci ba, amma ya ƙayyade tataccen mai zuwa ganga 500,000 a shekara, ya hana shigar da injuna da ƙarafa da motoci, wanda ya shafi kayan gyaran tarakta da famfon ban-ruwa, hanyar tura kuɗi ta banki ga ƙungiyoyin agaji ma ta toshe. Sai korona: Arewa ta rufe iyakarta a Janairun 2020, ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya 'yan ƙasashen waje na ƙarshe suka fita a Maris 2021, a Yunin shekarar Kim Jong Un da bakinsa ya ce lamarin abinci ya yi tsanani. Saboda haka in kin ga an ce kashi 45.5 na 'yan Arewa, mutum miliyan 11.8, ba sa samun isasshen abinci, kamar yadda rahoton Majalisar na 2023 ya ce, ki sani lissafi ne daga nesa, ba awon gida-gida ba. Giɓin hatsin ƙasar a shekara yakan kama daga tan dubu ɗaruruwa zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai, abin da dala miliyan 'yan ɗaruruwa za su saya. Ƙasar da ke harba makamai masu linzami ba ta rasa wannan kuɗi ba.

Rarar shinkafar Kudu kuwa gaskiya ce, har tsohuwar da ta daɗe a rumbun gwamnati akan mayar abincin dabbobi, kuma tun 2018 Kudu ke ba WFP tan 50,000 a shekara, wanda ya fara zuwa Yaman, Kenya, Habasha da Uganda, ta ninka shi zuwa 100,000 a 2024. Amma kar ki ɗauka Kudu ta wadatu da komai. In aka haɗa da abincin dabbobi, kusan kashi 20 kawai na hatsin da take buƙata take nomawa, alkama da masara kusan duka sayowa take. Bambancinta da Arewa shi ne tana da abin sayarwa a duniya, ta kuma yarda ta saya. Tana da nata masu yunwar ma: kusan kashi 40 na tsofaffinta na cikin talauci, mafi muni a ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD. A Yulin 2019 aka tsinci gawar wata mata da ta tsero daga Arewa da ɗanta mai shekara 6 a ɗakinsu a Seul. Binciken gawa bai tantance musabbabin ba, amma babu abin ci a gidan sai garin barkono.

Su kansu 'yan Arewa kusan 34,000 da ke zaune a Kudu, bakwai cikin goma mata, suna fama da wata matsala da ya kamata duk ma'aikacin lafiya ya sani. Jikin da ya tashi cikin yunwa ya koyi tattali. In ya faɗa cikin soyayyen abinci da sukari, ba tsawo yake ƙarawa ba, teɓa yake tarawa, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya ƙaru ko da mutum bai yi ƙiba sosai a ido ba. Waɗanda aka haifa cikin yunwar 1994 zuwa 1998 yanzu suna kusan shekara 30, su ne iyayen yau, kuma uwar da ta tsumbure ta fi haɗarin haihuwar jariri ƙarami.

Don haka in ƙofa ta sake buɗewa, ni ba jirgin shinkafa zan fara lodawa ba. Awon yara zan fara nema, lardi-lardi, da masu jin harshen a cikin tawagar, tunda rabon da a yi cikakken bincike tun 2017. Sannan waken suya da man girki, garin yara mai ƙarin sinadarai, ƙwayar ayan ga masu juna biyu, bitamin A, maganin tsutsa da rigakafi, gyaran ruwan sha, taki da ledar rufe gadon yabanya. A fara da Ryanggang da lardunan Hamgyong, ba Piyongyang ba. Kuma zai fi shiga in ya bi ta hannun WFP da UNICEF ba tare da tutar Seul a jikin buhun ba, ko da yake tayin 2019 ya nuna hakan ma ba tabbas ba ne muddin Piyongyang ta san daga inda kuɗin ya fito.